Babi na Shida: Abin da Ke Ƙarƙashin Ciyawa

Ranar 12 ga Satumba, 2023, Kwaddibuwa ta karɓi baƙuncin Mali a wasan sada zumunta a filin Alassane Ouattara da ke Ebimpé, bayan garin Abijan. Saura wata huɗu ke nan a buɗe Gasar Cin Kofin Nahiyar Afirka a wannan filin, kuma ba a daɗe da gama yi masa gyara ba. Ana cikin wasa ruwan sama ya ɓarke. Kafin a jima fili ya zama tafki, a buga ƙwallo ta tsaya cak a cikin ruwa. Aka tafi hutun rabin lokaci, ba a dawo ba. Fiye da shekara guda da rabi kafin nan, a gasar da aka yi a Kamaru cikin Janairun 2022, ciyawar filin Japoma na Duwala ta dinga ɗayewa a ƙarƙashin takalman 'yan wasa, har hukumar CAF ta ɗauke wasu daga cikin wasannin ƙarshe-ƙarshe da aka tsara yi a can ta mayar da su Yawunde.

Duka filayen biyu sababbi ne, an kashe musu dukiya mai yawa, kuma wanda ya hango su daga kujerar 'yan kallo kafin a take wasa kore shar zai gani. Launi ba ya faɗin lafiyar fili. Lafiyarsa tana can ƙasa inda ido ba ya kai wa, cikin yashi da saiwa da hanyar ruwa, da kuma hannun mutumin da ke fitowa kullum da sassafe ya duba shi. Filin wasa gona ce, sai dai amfanin da ake nomawa a cikinta ba a girbe shi, tattaka shi ake yi, kuma ana so ya tashi ya miƙe kafin wasan mako mai zuwa.

Yawancin abin da duniya ta sani game da wannan noma daga wasan golf ya fito. A gaɓar tekun Sikotland aka fara wasan, a kan tuddan rairayi marasa albarka waɗanda ba sa yin hatsi, inda tumaki da zomaye ke kiwo suna gajarta ciyawa. Ƙasar ba ta riƙe ruwa, ba ta da abinci sosai, don haka sai siririyar ciyawa mai jimiri ce ke iya zama a wurin, ita kuwa ita ce ƙwallo ke son gangarawa a kai. Tom Morris, wanda ya kula da filin St Andrews tun daga tsakiyar shekarun 1860 har zuwa 1903, ya yi suna da yawan barbaɗa yashi a kan ciyawa. Mutanen zamaninsa sun ga aikin yana ci ko da ba su iya bayyana dalili ba. Daga baya masana suka bi sawu. A 1929 aka kafa cibiyar binciken ciyawar wasanni a Bingley da ke Ingila, sannan a 1960 Hukumar Golf ta Amurka ta fitar da tsarin gina da'irar ciyawar da ke kewaye da rami, tsarin da har yau, bayan gyare-gyare, shi ake kwaikwayo a manyan filayen ƙwallon ƙafa.

Tsarin ba shi da wuyar fahimta. A can ƙasa ana haƙa ramuka a jera bututu masu huji-huji da za su kwashe ruwa su fitar. A kansu a shimfiɗa tsakuwa mai kaurin santimita 10. A kan tsakuwar a zuba yashi mai kaurin santimita 30, wanda aka gauraya da ɗan ruɓaɓɓen ganye kaɗan. A cikin wannan yashin saiwa ke zama. Hikimar tana wajen haɗuwar yashi da tsakuwa: ruwa ba ya saurin tsallakawa daga ƙananan ƙofofin yashi zuwa manyan ƙofofin tsakuwa sai yashin ya ƙoshi, don haka idan ruwa kaɗan ne yakan tsaya saiwa ta sha, idan kuwa mamako ne sai ya zarce ya bi bututu. Ba kowane yashi ne ke yin wannan aiki ba. Ana son mai matsakaicin ƙwaya, wankakke, wanda ba laka a jikinsa. Ɗan kwangilar da ya aika tifa bakin rafi mafi kusa ta ɗebo duk abin da ta samu ya riga ya kashe filin tun ba a shuka komai ba, domin laka za ta toshe ƙofofin, kuma babu takin da zai gyara wannan daga baya.

Sai zaɓen iri. Ciyawar da muke gani a filayen Ingila da Jamus a talabijin ta ƙasashen sanyi ce, ta fi jin daɗi idan zafi bai wuce maki 24 ba. A kawo ta Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, mutuwa za ta yi. Tamu ita ce kiri-kiri, wadda Turawa ke kira ciyawar Bamuda, mai yaɗo a sama da ƙasa, mai son rana, wadda manomin fadama ke yaƙi da ita domin ko ya sare ta sai ta dawo. Wannan taurin kan shi ne darajarta a filin wasa: inda takalmi ya ƙwaƙule, da kanta take rarrafowa ta rufe. A Tifton ta jihar Jojiya a Amurka, wani masanin tsirrai mai suna Glenn Burton da abokan aikinsa sun yi aiki a kan auren kiri-kiri da wata 'yar'uwarta mai laushin ganye daga Afirka ta Kudu, aka fitar da irin da ake kira Tifway a 1960. Shekara da shekaru shi ne ya mamaye filayen golf da na ƙwallo a ƙasashen zafi. Abin yana min ciwo idan na tuna cewa jinin ciyawar daga nahiyarmu yake, amma mu ne ke sayen irinta da kuɗin waje. Irin wannan ciyawa ba ta yin ƙwayar da za ta tsiro, dasa ta ake yi da yankakken yaɗo, wato duk filin da ke da ita yana iya ware ɗan fegi a gefe ya riƙa renon tasa don faci.

Ƙatar, a Gasar Cin Kofin Duniya ta 2022, wata ciyawa ta zaɓa mai suna paspalum saboda tana jure ruwa mai gishiri, sannan aka barbaɗa irin ciyawar sanyi a kanta gab da gasar, aka riƙa busa wa filayen iska mai sanyi don ya tsiro. Wannan hanya ce ta mai kuɗi da yawa, ba abin koyi ba ce ga filin jiha ko na makaranta.

Yanzu mu zo kan taki, inda aka fi yin kuskure, kuma kuskuren yawanci na wuce gona da iri ne.

Ciyawa na neman manyan abinci uku, waɗanda kowane manomi ya san su a jikin buhu: naitirojin mai sa ganye da kore, fosfarus mai taimakon saiwa musamman lokacin dashe, da fotasiyam mai ba ta ƙarfin jure fari da cuta da tattaka. Filin da ya riga ya kama ba daidai yake buƙatarsu ba. Naitirojin ya fi ci, sai fotasiyam kamar rabinsa ko fiye, fosfarus kuwa kaɗan ya ishe shi. Amma abin da aka fi samu a kasuwa shi ne NPK 15-15-15, wanda ukun suke kai ɗaya a cikinsa. Duk wanda ya dogara da shi kaɗai shekara da shekaru yana tara fosfarus ɗin da ciyawa ba ta nema ba, yana biyan kuɗin abin da ruwa zai wanke ya kai rafi.

Ga lissafin da ya kamata kowane mai kula da fili ya iya yi a ka. Cikakken filin ƙwallo tsawonsa mita 105 ne, faɗinsa 68, wato murabba'in mita 7,140. Ƙa'idar da masu sana'ar suka daɗe a kanta ita ce kada naitirojin mai saurin narkewa ya wuce giram 5 a kowane murabba'in mita a zubi ɗaya. Idan aka ninka, kusan kilo 36 ke nan ga filin baki ɗaya. Takin yuriya kashi 46 cikin ɗari na nauyinsa ne naitirojin, don haka kilo 78 na yuriya ya biya, wato buhu ɗaya da rabi da ɗan ɗoriya. Wannan shi ne iyaka, ba mafari ba. A ƙasa mai yashi, wadda ba ta riƙe abinci, gara a raba wannan gida biyu a riƙa bayarwa duk mako biyu a lokacin da ciyawa ke girma. Kuma da an watsa a bi da ruwa nan take. Yuriyar da aka bari a kan ganye cikin rana tana ƙona shi, wani kasonta kuma ya bi iska.

Me ke faruwa idan aka zazzage buhu biyar lokaci ɗaya saboda babban baƙo zai zo ranar Asabar? Cikin kwanaki fili zai yi kore mai duhu, kowa ya yaba. Amma ciyawar ta karkatar da ƙarfinta duka wajen fitar da ganye, ta bar saiwa. Ganyen zai fito da laushi, cike da ruwa, abin marmarin fumfuna da tsutsa. Saiwar da ya kamata ta nutsa santimita 15 ko fiye sai ta tsaya a sama-sama. Ɗan baya ya zo da gudu ya ja birki, sai ciyawa ta ɗaye ta bi takalminsa, shi kuma gwiwarsa ko idon sawunsa ya biya bashin. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ke neman launi kawai don ranar biki, akwai sinadarin ƙarfe da ake fesawa, yana ƙara kore ba tare da ya tunzura girma ba.

Akwai wani gwaji a Rothamsted ta Ingila da aka fara tun 1856 kuma har yanzu ana ci gaba da shi: makiyaya ɗaya aka yanka fegi-fegi, kowane fegi da irin takin da ake ba shi. Abin da ya fito fili shi ne taki ba yawan ciyawa kawai yake canzawa ba, yana zaɓen wace ciyawa ce za ta rayu. Wasu takin kuma, idan aka daɗe ana zuba su, suna tsamar da ƙasa. Shi ya sa masu kula da tsofaffin filayen golf na Birtaniya da yawa suke ƙanƙanta taki da ruwa da gangan, don siririyar ciyawar ta ci gaba da rinjaye. Kiri-kiri ta fi waɗancan ci, amma darasin bai canza ba. Kafin a sayi buhu ko ɗaya, a ɗebi ƙasa daga wurare daban-daban na filin a kai ɗakin gwaji. Ma'aunin tsami da ake so yana tsakanin 6 da 7. Idan ya yi ƙasa sosai a sa farar ƙasa ta noma. Idan ya haura, kamar yadda yake faruwa inda ruwan rijiyar burtsatse ke da kanwa ko gishiri, ciyawa na iya yin rawaya ko da abinci na nan birjik, domin saiwa ba ta iya ɗaukarsa. A nan ƙarin taki ɓarnar kuɗi ce, ruwan ne abin dubawa.

Lokaci ma yana da hukunci. A hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, idan dare ya yi sanyi a Jos ko Kano ko Damagaram, kiri-kiri kan rage tafiya, launinta ya dushe. Ba yunwa ba ce, hutu ne, kuma takin da aka ba ta a lokacin ba za ta ci ba. A tsakiyar damina kuwa, zuba taki gab da babban hadari daidai yake da zuba shi a kwata.

Takin gargajiya fa? Yana da amfani idan ya ruɓe sarai, aka tankaɗe shi, aka gauraya kaɗan da yashi. Ɗanyen kashin shanu kuwa masifa ce ga fili. Yana zuwa da irin tuji da harƙiya da ƙarangiya, yana jawo gara, yana kuma liƙe ƙofofin yashi. Game da waɗannan baƙin ciyayi, da aya-aya wadda ta fi su naci, maganin feshi yana taimakawa, amma ba shi ne tushe ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ciyawar da ta yi kauri ta rufe ƙasa ba ta barin hasken da baƙon iri zai tsiro da shi.

Kaurin nan kuwa yanka ne ke kawo shi. Tun da Edwin Budding ya ƙera injin yankan ciyawa a Ingila a 1830, ƙa'ida ɗaya ce ta fi kowace tsayawa: kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ganye a yanka ɗaya. Filin ƙwallo ana tsayar da shi tsakanin milimita 20 da 30, filin tanis na Wimbledon milimita 8, bakin ramin golf kuwa 3 zuwa 4, shi ya sa can kusan kullum ake yanka. Filin da aka bari wata guda ya kai gwiwa, sannan aka aske shi rana ɗaya, an cire masa ganyen da yake dafa abinci da shi, sai ya koma fari fat. Wuƙar injin kuma ta zama mai kaifi, dakusasshiya yagawa take yi.

Akwai aikin da 'yan kallo ba su san da shi ba, kuma a ganina shi ne ya fi raba filin da ke da mai shi da wanda aka yi wa riƙon sakainar kashi. Kowane wasa, ƙafafu suna danne ƙasa, musamman bakin raga da da'irar tsakiya. A hankali iska ta daina shiga, ruwa ya daina nutsewa, saiwa ta shaƙe. Maganinsa huda ƙasa ne da injin da ke soka ƙarafa ko ya zaro 'yan sandunan ƙasa, sannan a cike hujin da yashi irin na asali. Inda babu inji, cokalin haƙa mai yatsu huɗu da mutum biyu masu haƙuri suna iya ceto bakin raga. Haka kuma matattun ganye da yaɗo suna taruwa tsakanin kore da ƙasa, idan suka yi kauri sai su hana ruwa wucewa, dole a riƙa kankare su. 'Yan folo sun san muhimmancin gyaran nan take: a Kaduna da Katsina da Kano, kamar ko'ina a duniya, ana bin fili ana mayar da ƙasar da kofato ya tono kafin ta bushe. Filin ƙwallo ma haka yake so, da an tashi wasa a zaga a mayar da duk abin da ya ɗaye.

Ruwa shi ne babban kuɗin. Milimita ɗaya a kan filin ƙwallo lita 7,140 ce. A bazarar Arewa, rana da iska suna iya shanye milimita 7 a yini, wato kusan lita 50,000, tankar ruwa biyar masu cin lita dubu goma-goma, kowace rana. Duk wanda zai gina filin ciyawa a Gusau ko Maraɗi bai fara da tambayar ina wannan ruwan zai fito a watan Maris da Afrilu ba, bai shirya ba. Turawan mulkin mallaka da suka kafa kulob-kulob na golf a Arewa sun yi wannan lissafin, shi ya sa da yawa daga tsofaffin filayen ba ciyawa suka sa a bakin rami ba, yashi ne da aka cakuɗa da mai ake lailayewa. Ba shi da kyan gani, amma ya dace da abin da ƙasar ke iya ɗauka. Inda ruwan yake kuma, a ba da shi da asuba, a ƙosar, sannan a ɗan bari sama ta sha iska. Yayyafin kullum-kullum yana koya wa saiwa zama a sama.

Ko masu kuɗi sun sha wuya kafin su koya. Sabon Wembley da aka buɗe a Landan a 2007 sai da aka sake masa shimfiɗar ciyawa wajen sau goma cikin shekara uku, saboda yawan bukukuwan kiɗa da wasannin da ba ƙwallo ba, da kuma dogayen rumfuna masu tare rana da iska. A 2010 suka koma ga tsarin gauraye: inji ya dinga ɗinka zaren roba, wajen miliyan 20, zuwa zurfin kusan santimita 20 cikin yashi, saiwar ciyawa ta gaske ta nannaɗe su. Zaren ɗan kaso ne ƙalilan na abin da ake takawa, amma yana hana ƙasa ɗayewa. Duk da haka ba a daina yanka da taki da huda ba, har fitilu ake turowa cikin fili don su maye gurbin rana.

Mu kuwa labarinmu a bayyane yake. Babban filin wasa na ƙasa da ke Abuja, wanda aka gina don Wasannin Afirka na 2003 kuma aka sa masa sunan Moshood Abiola a 2019, ciyawarsa ta lalace har aka daina kai manyan wasanni can. Alhaji Aliko Ɗangote ya ɗauki nauyin sabunta ta, aka buga wasan Najeriya da Gana a kanta ranar 29 ga Maris, 2022. Ba a yi nisa ba Super Eagles suka koma Uyo, can suka yi wasanninsu na gida na neman gurbin Kofin Duniya na 2026. Filin Uyo, wanda aka buɗe a 2014, ba wata ƙasa ta daban aka same shi a kai ba, kuma ruwan saman da ke sauka a can ya fi na Abuja. Bambancin shi ne an ci gaba da biyan masu kula da shi bayan an yanke kyallen buɗewa.

Wasu na cewa a huta, a shimfiɗa ciyawar roba ko'ina. Ga filin unguwa da ake wasa a kai daga safe zuwa dare, ko garin da ruwan sha ma wuya yake, ina ganin hujjarsu. Amma roba tana ɗaukar zafin rana har ta gagari tafin ƙafa, tana son shara da taza, kuma bayan kamar shekara goma dole a ɗaye ta a sayi wata. Wanda bai ware kuɗin kula da ciyawa ba, ba zai ware na roba ba.

Ilimin da ake buƙata yana nan gida. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru tana gwajin ƙasa, cibiyar Shika ta daɗe tana nazarin ciyayin kiwo, kuma kwalejojin aikin gona suna yaye matasa kowace shekara waɗanda suka san taki da ban ruwa amma ba su da aikin yi. Ina roƙon kwamishinonin wasanni da shugabannin kulob da na makarantu: duk filin da za a gina ko a gyara, a rubuta kuɗin kula da shi na shekara biyar a cikin takardar kwangilar tun farko, a ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan matasa a horar da shi, a ba shi inji da ruwa da albashi a kan kari, kuma a ba shi ikon hana a kafa rumfar taro a kan ciyawarsa.